Ni da Garken Kawu Attahir a Hanyar Kwatano

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi da daɗi ba. Finjali na farko a ce Sidi yaya teku, na biyu a ce Sidi da gaske suna cin ɓera, kafin a kai na uku bakina ya bushe, shayin ya huce. To ga shi na rubuta a kayen ƙanwata, littafinta na makaranta, wanda ya iya karatu ya karanta wa Bubakar.

Kuma ku sani tun yanzu, ba ni na nemi tafiyar nan ba. Ina zaman zamana a inuwar babban masallaci, ina jiran Allah ya kawo turis in liƙa masa sarƙar azurfa, sai Inna ta aiko in zo. Na same ta da ƙanenta, Kawu Attahir, da wata wasiƙa mai tambur uku. Ta ce Kawunka za shi Kwatano, ba ya jin Faransanci, kai kuwa ɗan Faransancin da aka koro ka daga lakwal, makarantar boko, da shi ya isa a nemi ruwan sha a hanya. Na ce ina da aiki. Ta tambaye ni wanne. Shi ke nan na tafi aron jaka.

Ga waɗanda ba su san Kawu ba sai daga nesa: baduku ne ɗan baduku. Da takalma ya fara, da jakunkuna da kuben takobi. Daga baya ya shiga zana raƙuma a ƙofar butik da bayan kamiyo, manyan motocin kaya, har wani Bature malamin lakwal ya ba shi launuka a ƴan gwangwanaye, ya ce masa shi artis ne. Tun ranar mutanen unguwa suke gaishe shi a hankali kamar mai jinya.

Da farin nan ya zo, damina ta ƙi, mutanen daji suka kwararo suka kafa bukkoki a bayan gari, sai Kawu ya aje zane. Kullum da safe ya ɗauki wuƙa ya bi su. Duk wanda dabbarsa ta kwanta ta kasa tashi aka yanka ta, sai ya roƙe shi wurin da alamar gidansu take. Abzinawa da Tubawa da Larabawa wuta suke sa wa raƙumi a wuya ko a cinya, kowane gida da zanensa, sai ya yanko wurin kamar faɗin tafin hannu. Bararo, Fulanin daji, kunne suke tsagawa, sai ya ɗauko kunnen. Mu ƴan gari akuyarmu ba ta da alama sai tsumman da aka ɗaura mata a wuya, shi ma ya haɗa har da tsumman. Bai jeme su ba, don jima tana cire gashi, kuma tana cin ruwan da mata ke wuni jira a bakin rijiya. Shanya su kawai ya yi suka bushe ƙamas, ya huda, ya ɗinke su da igiyar fata ɗaya jikin ɗaya, har abin ya kai faɗin bangon zaure. Ya sa masa suna Garke. Kowane yanki ya san mai shi, kuma kowa alkawari ɗaya ya yi masa: duk inda aka nuna Garke, naka yana ciki.

Baturen nan ne ya ɗauki hotonsa ya aika ban san ina ba, sai ga wasiƙa. Wai za a tara artis na ƙasashe da yawa a Kwatano, kowa ya kawo abin mutanensa a jera a zaure ɗaya.

Kun san yanzu ba a fita ƙasa sai da lasepase, takardar izinin fita. Ajidan ɗin sojan da ke biron takardar Bazabarme ne, da Faransanci muka yi. Ya tambayi abin da ke cikin ƙunshin, na ce shimfiɗa ce ta gargajiya. Kawu ya taɓa ni ya ce mi na ce, na ce gaisuwa nake miƙawa. Ajidan ya buga hatimi, ya nuna ni da bik ɗinsa na rubutu, ya ce in an tambaye mu a waje, ƙasa lafiya lau, abinci yana zuwa, ba a son surutu. Na ce masa ai mu ko a gida ba mu da baki.

Kamiyon da ya kawo jar dawar taimako muka hau, yana komawa ba kaya. Mu goma sha wani abu a baya, da Garke a naɗe cikin tabarmi biyu, Kawu ya jingina da shi kamar amarya da akwatinta. Daga Agadas har Abalak ban ga dabba a tsaye ba sai jakai biyu. Sauran duk a kwance, fata a kan ƙashi. Kawu ya dinga buga rufin gaba wai a tsaya ya duba alama, har shofer ya leƙo ya ce in ya ƙara bugawa zai sauke shi ya zauna da su. A kowace bariyar jandarma sai an soki ƙunshin da sanda, ni in yi bayanin shimfiɗa, Kawu ya miƙa dabino. Kafin mu bar Tawa buhun dabinon ya koma rabi, ni kuma ƙaryata ta yi ƙiba, har ta zama shimfiɗar auren kakarmu.

A Gaya na fara ganin abin da ya ɗaure mini kai. Kogi ne, ruwa yana tafiyarsa shi kaɗai, ba mai tsaro, ba mai guga, ba matan da ke zagin juna a kansa. Wani ya shigar da motarsa ciki yana wanke mata ƙafafu. Na tsaya ina kallonsa har ya tsargu ya tambaye ni ko na san shi.

Da muka haye gada zuwa Malanbil sai muka faɗa hannun duwan, masu binciken kaya a kan iyaka. Su ma can sojoji ke mulki, amma nasu salon daban, kowa kamarad ne. Mai kama ka kamarad, kai da aka kama kamarad. Wani mai tumbi ya sa aka kwance Garke a ƙasa, ya zagaya shi sau biyu, ya buɗe littafinsa. Ya ce in fata ce sai takardar likitan dabbobi. Na ce tablo ne, irin zanen da ake ratayewa a bango. Ya ce in tablo ne ina hoton. Na koma kan shimfiɗa. Ya ce wace irin shimfiɗa ce mai kunnuwa. Tun hantsi muke zaune har la'asar, shi yana juya littafi, ba layin da abin Kawu ya shiga. Wata mai suyar doya a gefe, Badandiya mai jin Hausa, ita ta gaji da ganinmu. Ta ce ɗana, ku mutanen arewa ba a tanti kuke kwana ba? Ka ce masa ɗakinku ne. Na je na ce kamarad, gaskiya ɗakinmu ne, kunya ta hana ni faɗa. Ya yi ajiyar zuciya, ya rubuta tanti ɗaya, har ya ce Allah ya kyauta mana.

Daga nan zuwa Paraku ciyawa ta fi ni tsawo, kore shar, kuma ba abin da ke cinta. Mutane ma sun fito da adduna suna saranta suna zubarwa don ta rufe musu hanya. Da mota ta tsaya Kawu ya sauka, ya tsinko cikin hannu, ya shinshina, ya daɗe a tsaye. A Paraku muka shiga jirgin ƙasa.

Jirgin kuwa kasuwa ce mai ƙafa. Mata ne da shi. Su ke da kaya, su ke da murya, su ke cewa namiji ya matsa ya matsa. Wata ta aza mini kwandon kaji a cinya ba ta ko dube ni ba, na riƙe shi har tasha huɗu. Maganar ɓera kuma, Bubakar, ba ɓera ba ne, wata gafiyar daji ce suke kira aguti, ana miƙo ta ta taga a ƙyafe, haƙoranta a waje. Ban ci ba. Abin da na ci akasa ce, wani farin tuwo mai tsami a naɗe cikin ganye, da miyar kifi mai barkonon da ya sa na ji kunnuwana suna ƙara. Kawu daga ranar har muka dawo burodi da sardin, ya ce su dai ya san iyayensu.

Kwatano gumi ne. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Teku kuma, tun da kun dame ni: ruwa ne har iyakar ido, ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba ya shayuwa. Na ɗanɗana na tofar. Duk wannan ruwan, ko akuya ɗaya ba zai raya ba.

Wadda ta shirya taron, Madam Selestin, ƴar garin ce, doguwa mai tabarau, kullum da takardu a hammata. Ta sauke mu a wani gidan baƙi tare da sauran artis ɗin, kuma nan na gane ashe Kawu cikin mahaukatan duniya shi mai sauƙi ne. Akwai wata Baturiya da ta zo da buhunan rairayi a jirgin sama. Rairayi, irin wanda Inna ke sharewa daga ɗaki sau uku a wuni. Ta zuba shi a ƙasa tana ja masa layi da tsinke, mutane suna tsayawa suna gyaɗa kai. Na ce mata in tana so ina da ɗan'uwa mai kamiyo. Akwai ɗan Senegal mai zane a bayan gilashi, shi ne abokin sallarmu. Akwai ɗan Zayar da ya haɗa mutum da tsofaffin ƙarafan keke, na rataya rigata a kafaɗarsa ban sani ba, sai da aka ba shi haƙuri da yare uku.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne maƙwabcin ɗakinmu, Kojo, masassaƙi daga Gana. Na leƙa na ga ƙaton kifi na katako, ja da shuɗi, ya fi ni tsawo. Na yaba, na ce yara za su ji daɗinsa. Ya buɗe bayan kifin ya nuna mini ciki da farin ƙyalle. Akwatin gawa ne. Wai a garinsu masunci in ya mutu a kifi ake sa shi, shofer a mota. Na ja da baya har na taka kajin masu gida. Na gaya wa Kawu ina jiran ya yi salati, sai ya tashi ya je ya shafa kifin, ya duba yadda aka haɗa bakin, ya ce wannan mutumin ya san hannunsa. Daga ranar kullum suna tare, ba mai jin yaren wani. Kojo ya miƙa masa gizago, shi ya miƙa masa basilla, su yi ta gyaɗa kai. Ni da aka ɗauko don fassara ko nemana ba sa yi.

To ga inda muka yi ɓarnar.

Saura kwana huɗu a buɗe zaure muka kwance Garke, ya ƙi miƙewa. Kwana shida a naɗe, ban da wunin duwan, duk ya kanannaɗe. Kawu ya yi abin da kowane baduku yake yi a Agadas: ya cika baki da ruwa ya fesa, ya bi da buta ya yayyafa, fata ta yi laushi, muka miƙe ta muka danne da duwatsu a tsakar gida. A gida in ka yi haka da hantsi, kafin azahar ta koma kamar kwano. Azahar ta yi, tana nan a jiƙe. La'asar ta yi, ta ƙara jiƙewa, ita da kanta take shan ruwa daga iska. Sai hadari ya taso. Nan ni kuma na kawo tawa basirar. Na ruga na aro bash ta roba wurin wani mai gareji, muka naɗe Garke ciki tsam, na ɗaure bakin da igiya, muka tura ƙarƙashin gado. Har na ce wa Kawu ya gode wa Allah da ya zo da mai ilimi. Ruwa ya kwana biyu yana zuba, mu muna zaune a baranda muna kallonsa kamar sinima.

Rana ta uku ƙudaje suka fara sallama a ƙofarmu. Na zaci kifin masu gida ne. Da muka jawo ƙunshin na kwance igiya, wallahi sai da na fita waje da gudu. Wani farin gashi ya tsiro a kan fatun, wani wuri kore, kunnuwan Bararo sun kumbura sun yi laushi kamar yau aka yanko su. Ban san fata tana mutuwa sau biyu ba sai ranar. Kawu ya durƙusa a gabansa, bai toshe hanci ba, yana taɓa su ɗaya ɗaya yana kiran sunayen masu su a hankali.

Kojo ne ya cece mu, ko in ce ya ceci rabi. Ya leƙo, ya fita, sai ga shi da mata biyu masu ƙyafe kifi da buhun gawayi da ɓawon kwakwa. Aka kafa sanduna, aka shimfiɗa Garke a sama, aka yi masa hayaƙi wuni guda kamar kifin kasuwa. Ɗan Senegal yana goge furfurar da tsumma da gishiri, ɗan Zayar yana fifita, har Baturiyar rairayi ta ba da rabin buhu aka zuba a kan wuraren da suka fi jiƙa. Gefe da gefe ya bushe. Amma guda tara a tsakiya, yawancinsu kunnuwa, sun riga sun tafi. Wari ya ragu, bai fita ba.

Da safen ranar buɗewa muka kai shi zaure. Wuri ne mai farin bango da bantilater masu kaɗa iska a sama, kowace ƙasa da sunanta a ɗan allo. Muna shimfiɗa shi masu share ƙasa suka ja hanci. Madam Selestin ta zo, ta cire tabarau, ta daɗe tana dubansa, kuma na ga abin ya taɓa ta. Amma ta ce da la'asar ministoci za su zo da matansu, ba za ta iya tsayar da su cikin wannan ba. Ta ce a cire guda taran nan a ɗinke ramin, ba wanda zai lura, sauran a rataya a bango mafi kyau. Ba da faɗa ta faɗa ba, har da riƙe hannun Kawu.

Muna cikin haka sai ga wani namu, cikin waɗanda gwamnati ta aje a can, da bes irin ta Turawa da karabat ɗaure a wuya da turare. Ɗan Dogon Dutsi ne, ya gaishe da Kawu da Hausa, Baba sannu da hanya. Ya ce shi an gaya masa kayan gargajiya za a kawo, ya zaci takalma ne da sirdi da azurfa. Ya ce kowace ƙasa ta kawo abin alfaharinta, mu mun kawo abin da za a toshe hanci a ƙarƙashin sunan ƙasarmu. Ya ce in don ta shi ne a naɗe abin gaba ɗaya, amma tun da Madam ta yi sauƙi, a yanke masu warin a wuce wurin. Sannan ya nemi lasepase ɗinmu, ya kwafi sunayenmu a ɗan littafi, a hankali, yadda zan gani.

Na tuna bariyar nawa ke tsakaninmu da Inna, kuma dabino ya ƙare. Na ja Kawu gefe.

"Kawu, tara ne fa kawai cikin ɗari da wani abu. Wa zai sani?"

"Ni," in ji shi.

"To ka sani ɗin, ka yi shiru. Ni ba kullum nake yi ba?"

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce in je in gaya wa Madam a buɗe tagogi. Na gaya mata. Ta ce tagogi ba za su isa ba. Mai karabat ya ce Baba kada ka mai da abu ƙarami babba, ana maganar mutuncin ƙasa kana maganar kunnen saniya. Madam tana duba agogo, ni ina fassara rabi ina haɗiye rabi, Kojo ya zo ya tsaya bayan Kawu ya harɗe hannu ko da bai san mi ake cewa ba. Sauran artis ɗin ma suka bar nasu suka zagaye mu.

Kafin ku tambaya: an rataya shi, duka, da guda taran, a bangon da ke kallon ƙofa, tagogi a buɗe, kwana goma. Matan ministoci sun sa hankici a hanci, amma ba wadda ta wuce ba ta tsaya ba, ɗaya ma ta sa na karanta mata alamun ɗaya bayan ɗaya har na fara ƙirƙiro na ƙarshen, Kawu ya gyara mini. Mun dawo ta bariyar ɗin nan duka, ba wanda ya ce mana komi, har yau dai. Mai karabat ban ƙara ganinsa ba.

Abin da ya kashe gardamar shi ne, Kawu ya zaro wuƙarsa ta aiki daga kube, ya juya ta, ya miƙa wa mai karabat ta wajen ƙota. Ya durƙusa ya ɗaga kunnen da ya fi kowanne lalacewa.

"Ranka shi daɗe, ga wuƙa, fara da wannan. Na wata tsohuwa ce, Jaɓɓo, tana bukka ta uku bayan mahauta. Shanu sittin ta fito da su daga daji, wannan ce ta ƙarshe, da hannunta ta riƙe mini kan na yanka. Yanke abinka. Amma ba ni zan mayar mata ba. Ka biyo mu Agadas da karabat ɗinka, ka sa mata a hannu, ka gaya mata saniyarta ta yi wa ƙasa wari."